Nakiyar da aka binne ba ta mutu ba

Tun da abin nan ya faru a tashar jiragen ruwa ta Bairut ranar 4 ga Agustan 2020, inda sinadarin amoniyam naitiret da aka jibge a wurin ya tashi ya kashe mutum sama da 200, duk sanda hira ta biyo ta kan ajiyar bama-bamai da nakiyoyi sai ka ji wani ya ce, yo me zai hana a tona rami mai zurfi a zuba su ciki kowa ya huta? Kwanan nan ma wani abokina ya sake faɗa min haka, kuma da gaske yake, a ganinsa in dai abu yana ƙarƙashin dutse to ko ya fashe dutsen zai shanye shi, shi ke nan. Ban ga laifinsa ba don ni ma haka na ɗauka a da. Amma maganar ta tsaya min a rai, na kwana ina juya ta, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani, domin wallahi wannan tunanin na "a binne a huta" ya ci rayukan mutane ba kaɗan ba.

Na yi 'yan shekaru ina riƙe da littafin sito a wani kamfanin fasa dutse. Ma'ajiyar nakiyarmu ba wata babba ba ce, ɗaki ne da aka sassaƙa a jikin dutse, sai wani ɗan lungu da ake bi a shiga, da ƙofar ƙarfe biyu. Ranar da na fara shiga, dattijon da ke riƙe da makullin ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce, ɗana, juye aljihunka. Ya karɓe waya, ya karɓe makullai, ya tambaye ni ko ina da ashana, sannan ya ce in ɗaga ƙafa ya duba ƙasan takalmina ko akwai ƙusa. Da muka shiga abin da na fara ji shi ne sanyi, irin sanyin nan mai ɗan danshi da ba ya canzawa ko da rana ta take a waje, sai wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi, kuma kafin mu gama ƙirga kwalaye kaina ya fara sarawa kamar ana buga min guduma a goshi. Na ce Baba kaina fa. Ya ce ai nakiyar ce take gaishe ka, kowa da haka ya fara. Daga baya na gane sinadarin naitirogilisarin da ke cikin wasu nau'o'in nakiya ne yake buɗe jijiyoyin jini, shi ke kawo ciwon kan. A ranar ne kuma ya haska min tocila a kusurwar wani kwali ya nuna min tabo kamar na mai, ya ce duk ran da ka ga kwali ya yi irin wannan gumin kar ka taɓa, kar ka ja shi, kar ka ce za ka goge, ka fito ka kira ni. Tsohuwar nakiya in ta daɗe man cikinta yana tsattsafowa waje, kuma wannan man ɗan bugu kaɗan ya ishe shi.

To kun ga tun daga nan na fara fahimtar cewa abin fashewa ba kamar bulo ba ne da za ka ajiye shekara talatin ka dawo ka same shi yadda ka bar shi. Yana tsufa, yana canzawa, albarushin da ke tura harsashi ma akwai wani magani da ake sa masa don ya hana shi lalacewa, kuma maganin nan ƙarewa yake yi a hankali, in ya ƙare albarushin yana iya ɗaukar zafi da kansa ya kama wuta ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Ba wai ina cewa ajiya a ƙarƙashin ƙasa ba ta da amfani ba ne, tana da shi sosai. Zafin rana ba ya kai wa gare ta, tsawa da gobarar daji ba sa samunta da sauƙi, ɓarawo sai ya bi ta ƙofa ɗaya, jirgin yaƙi ma ba ya ganinta daga sama, kuma in dutsen da ke samanta ya yi kauri yadda ya kamata yana tare ɓaraguzai da yawa. Akwai kuma maganar fili. Ma'ajiyar da ke saman ƙasa dole a bar mata fili fetal a kewaye, ba gida ba makaranta, kuma lissafin tazarar yana da wani hali da mutane ba su cika sani ba: sai kayan sun ninka sau takwas sannan tazarar take ninkawa sau biyu, wanda in ka juya shi yana nufin ko ka kwashe rabin kayan da ke ciki tazarar da ake bukata kusan kashi 20 cikin ɗari kawai za ta ragu. Ƙasa irin Singafo da ba ta da filin wasa da shi, wannan ne ya sa ta haƙa tata ma'ajiyar a cikin dutse a wani tsohon wurin fasa dutse da ke Mandai, aka buɗe ta a 2008, kuma filin da ta ci bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da irinta ta saman ƙasa za ta ci ba. Amma fa su sun yi shekaru suna gwaji, har da tayar da nakiya ta gaske a ramukan gwaji a ƙasar Siwidin don su ga yadda abin yake tafiya a cikin dutse kafin su yarda da zanen.

Abin da abokina bai hango ba shi ne ƙarfin fashewa ba ya ɓacewa don an rufe shi, hanya yake nema. A fili, in abu ya fashe iskar tana bazuwa ta ko'ina, sama da gabas da yamma, sai ƙarfinta ya yi saurin raguwa. A cikin rami kuwa ba ta da wurin zuwa sai hanyar da mutane ke bi su shiga, sai lungun ya zama kamar bakin bindiga, ɗakin ajiyar shi ne gidan harsashi, duk abin da ke kan hanya, ƙofar ƙarfe ce, reluwe ne, mota ce, duwatsu ne, bama-baman da ba su riga sun fashe ba ne, duk a tattaro su a harbo ta baki ɗaya. Shi ya sa tambayar farko da mai hankali zai yi in ya ga irin wannan wuri ita ce, bakin ramin ina yake kallo? In yana kallon gari to an saita wa garin bindiga ne kawai. Masu zana irin waɗannan wurare saboda haka ne suke lanƙwasa hanyar maimakon su miƙe ta, suna haƙa wasu lunguna marasa ɓullewa daidai inda ɓaraguzai za su nufa don su faɗa ciki su maƙale, suna barin wani babban ɗaki a hanya inda iskar za ta baje ta rage ƙarfi, sannan a gina katangar ƙasa ko kankare a gaban bakin ramin. Bayan wannan akwai girgizar da ke bi ta cikin dutsen kansa, ita ce ke tsaga gidaje a sama, kuma in ɗakunan ajiya sun yi kusa da juna tana iya ɓantaro dutse daga bangon ɗaki na biyu ya faɗa kan kayan ciki, sai wannan ya kunna wancan. Sai kuma hayaƙi, wanda ni a ganina shi ne mafi muni ga ma'aikata, domin iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi kuma a rami ba ta da inda za ta, mutum zai tsira daga fashewar ya zo ya faɗi a hanyar fita, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi kusa da shi.

In kuma kayan sun fi ƙarfin dutsen da ke samansu, to rufin gaba ɗaya ne yake tashi. Wannan shi ne abin da ya faru a Ingila ranar 27 ga Nuwamban 1944 a wani wuri da ake kira Fauld a yankin Staffordshire. Tsohon ramin haƙar jifsam ne, farin dutsen nan da ake yin filasta da shi, sojojin saman Birtaniya suka mayar da shi rumbun bama-bamai lokacin yaƙin duniya na biyu. Da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe tan 3,500 zuwa 4,000 suka tashi lokaci guda. Akwai wata gona da gidanta daidai saman wurin, ana kiranta Upper Castle Hayes, ba a ce ta rushe ba, ɓacewa ta yi, da mutanen ciki da dabbobi, inda take ya koma rami mai zurfin kusan mita 30 da faɗin sama da mita 200, har yau ramin yana nan an kewaye shi da waya. Mutum kusan 70 suka mutu. Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne da yawa daga cikinsu ba ma'aikatan rumbun ba ne sam. Akwai wata madatsar ruwa a kusa, fashewar ta ɓalle ta, ruwa da laka da duwatsu suka gangaro kan masana'antar filasta da ke ƙasa suka binne mutanen da ke bakin aikinsu, mutanen da ba su taɓa riƙe bam a hannunsu ba. A cikin ramin kuma akwai waɗanda hayaƙi ya kashe, kuma cikin mamatan har da fursunonin yaƙi 'yan Italiya da aka sa aiki a wurin. Sakamakon binciken an ɓoye shi sai a 1974 aka fito da shi, kuma abin da aka fi zargi shi ne wani ya yi ƙoƙarin cire abin da ke kunna wani bam da cizal ɗin tagulla a cikin ramin, a tsakiyar sauran bama-bamai, aikin da doka ta hana a yi shi haka. Yaƙi ya matsa, ana gaggawa, ma'aikata sun yi kaɗan, an saba da kayan har an daina jin tsoronsu.

Wannan sabo da kaya shi ne Baba mai makulli yake yaƙi da shi kullum. Detoneta, wato ɗan abin da ke kunna nakiyar, ɗakinsa daban ne can nesa, kuma ko direba zai yi ta roƙo yana cewa Baba tafiya ɗaya ce fa mu haɗa su a mota ɗaya mu wuce, ba ya ko ɗaga kai. Ba a buɗe kwali a cikin ma'ajiya, ba a gyara komai a ciki, a fito da shi waje can gefe. Na taɓa ganin ya mayar da mota guda da lodi saboda in aka sauke za a wuce adadin da aka rubuta a jikin ƙofa, manaja ya yi ta faɗa a waya, shi kuwa ya ce ɗakin an auna shi ne da abin da dutsen zai iya riƙewa, ba da abin da zai iya shiga ba. A lokacin na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi, sai da na karanta labarin Fauld na gane abin da yake tsare mu daga gare shi.

A Jamus ma an yi irinsa a garin Prüm ranar 15 ga Yulin 1949, lokacin yankin yana hannun sojojin Faransa. Kimanin tan 500 aka tara a wani rami cikin tsaunin da ke saman garin, wuta ta kama, aka yi ƙoƙarin kashewa abin ya gagara, amma aka samu aka kwashe mutane da yawa kafin ya tashi. Kan tsaunin ya tarwatse ya zubo wa garin, gidaje da dama suka rushe, mutum 12 suka mutu. Sha biyu ba kaɗan ba ne, kowanne ɗan wani ne, amma da an tsaya ana ɓoye-ɓoye ana cewa kar a tayar wa jama'a da hankali da lissafin ba haka zai kasance ba.

Wanda dai na fi so mu tsaya a kansa shi ne na Mitholz, wani ɗan ƙauye a cikin tsaunukan Suwizalan, domin shi ne amsar maganar abokina kai tsaye. Lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin ƙasar sun haƙa ramuka a cikin dutsen da ke bayan ƙauyen suka zuba albarusai da bama-bamai kimanin tan 7,000. Yaƙi ya ƙare, kayan suna nan. A daren 19 ga Disamban 1947, ana tsakiyar hunturu mutane suna barci, wuta ta fara fitowa daga bakin ramin, sannan fashewa ta biyo baya ɗaya bayan ɗaya, fuskar dutsen ta zube, duwatsu da harsasai suka yi ta sauka kan gidaje, tashar jirgin ƙasa ta rushe, mutane suka fito da kayan barci suna gudu cikin dusar ƙanƙara. Mutum tara suka mutu. Abin da masu bincike suka fi karkata a kai shi ne wani sinadari mai saurin tashi ne ya taru a hankali a jikin jan ƙarfen da ke cikin fiyus ɗin harsasan, abin da ke kunna su ke nan, wato ba hannun kowa, tsufa ne kawai da zama wuri ɗaya.

To daga nan ne labarin ya zama abin da ke hana ni barci. Ba duka kayan ne suka fashe ba. Wani kaso mai yawa dutse ya rufto ya danne shi, aka kwashe abin da hannu zai kai, sauran aka duba a 1949 aka ce ba wani babban haɗari, aka sake dubawa a 1986 aka ce haka nan. Aka sake gina ƙauyen, mutane suka dawo, aka yi aure aka haihu, har sojoji suka ci gaba da amfani da sauran ramukan suna ajiye magunguna, suna kwana a wurin. An kashe maciji ba a sare kai ba. Sai a 2018, da ake shirin gina cibiyar kwamfutoci a cikin dutsen, aka sa masana suka sake auna haɗarin, suka dawo suka ce akwai kimanin tan 3,500 na albarusai a ƙarƙashin ɓaraguzan kuma haɗarin ya wuce abin da za a yarda da shi. Shekara saba'in fa. Ka yi tunanin tsohuwar da aka haifa a gidan, ta yi aure a ƙauyen, ta binne iyayenta a nan, a tara su ita da sauran mutanen ƙauyen a zaure a watan Fabrairun 2020 ministar tsaro ta lokacin Viola Amherd ta tsaya gabansu ta ce za a kwashe kayan amma sai sun bar gidajensu na kusan shekara goma. Mutanen ƙauyen kimanin 170 ne, daga baya an rage yawan waɗanda tashin ya zama musu dole, amma wanda ya haura saba'in aka ce masa ya je ya dawo bayan shekara goma ai ya san me ake nufi. A 2023 majalisar ƙasar ta amince da faran biliyan 2.59, kuɗin Suwizalan, don aikin.

Kuma wannan Suwizalan ce, ƙasar da ke da kuɗi da injiniyoyi da takardu a ajiye. Ina ga inda aka zuba kaya a rami lokacin wani yaƙi ko wani aikin haƙar ma'adinai, kamfanin ya tashi, wanda ya san wurin ya mutu, littafin sito ya ɓace, gari kuma ya yi ta matsowa har aka yi gini a sama? Ma'ajiyar da ke saman ƙasa ko ba komai ana ganinta, mai wucewa zai ce wai me ke cikin wancan gidan, wani zai yi ƙorafi, wani zai rubuta takarda. Ta ƙarƙashin ƙasa ciyawa ce ke fitowa a kanta. Gaskiya abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake fakewa da sirrin tsaro a hana mutanen da ke kwana a saman abu sanin cewa yana nan. Ban ce a buga adadin bama-bamai a jarida ba, na san akwai abin da ba a faɗa, amma mai gona a Fauld da mai aikin filasta a gangare suna da haƙƙin a ce musu kar ku zauna nan, ko kuma a kai kayan wani wuri. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin ajiyar albarusai tun 2011, da tazara da yadda ake raba kaya iri-iri da yadda ake duba lafiyarsu lokaci-lokaci, duk a rubuce suke, sai dai takarda ba ta shiga rami ta haska tocila a kusurwar kwali, sai an samu mutum irin Baba wanda ake biyansa kuma ake jin maganarsa in ya ce a'a.

Da na ba abokina labarin Mitholz ya yi shiru, can ya ce to yanzu tan 3,500 ɗin ya za su yi da su, ba za su zuba kankare su toshe wurin ba kawai? Na ce an duba wannan ma, an ajiye shi a matsayin abin da za a koma wa in kwashewar ta gagara, amma ba shi aka zaɓa ba, don toshewa ba ta hana kayan ci gaba da ruɓewa, ga kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa da gubar za ta iya shiga. Abin da za su yi shi ne su fara kare layin dogo da babbar hanyar da suka ratsa kwarin da gine-gine masu ƙarfi, mutanen da ke kusa su tashi, sannan a sassare dutsen da ke sama a hankali har a kai ga kayan, a fito da su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ake sa ran zai kai su cikin shekarun 2040.